Lambar da ake ɓoye wa koci

Akwai wani aiki da nake yi duk bayan wata huɗu wanda ba ya cikin takardar ɗaukata aiki, ba a biyana ko sisi a kansa, kuma ban taɓa ambatarsa a gaban ɗalibaina ba. Nakan zauna da daddare bayan yara sun kwanta, in rubuta sharhi mai shafi biyar ko shida a kan ƙungiyoyin ƙwallon ƙafa takwas, in auna yadda kowace ta gina kanta, in jera matasan 'yan wasanta tun daga wanda nake ganin zai yi nisa har zuwa wanda nake ganin iyakarsa ke nan. Mafi yawan yaran nan babu su a duniya. Ba uwa ce ta haife su ba, kwamfuta ce ta ƙirƙiro su, ta raɗa musu suna, ta ba su ƙasa da ranar haihuwa. Na san mai karatu zai ce Dakta guda ya rasa abin yi. Uwargidana ta riga shi faɗa, kuma ba sau ɗaya ba.

Abin ya samo asali ne a 2020, shekarar da kullen korona ya haɗu da dogon yajin aikin malaman jami'o'i, muka wayi gari ba aji ba ofis. Mu takwas ne: malamai uku, likita, lauya, ma'aikacin banki, wani mai kantin magani, da ƙanin ɗaya daga cikinmu wanda shi ya haɗa mana komai ta intanet. Kowa ya ɗauki kulob ɗaya a rukuni na biyu na Ingila, mai ƙungiyoyi 24 da wasa 46 a kaka, a cikin wasan kwamfuta da ake kira Football Manager. Kullen ya wuce, yajin aikin ya ƙare, mu kuwa muka kasa dainawa. Daren Juma'a da na Asabar har yau namu ne, in wuta da sabis sun yarda. Yanzu muna kaka ta 15, kalandar cikin wasan ta kai 2034, kusan duk 'yan wasan da muka sani a talabijin sun yi ritaya, sai 'ya'yan na'ura suka gaje su.

Ga wanda bai san shi ba, wannan ba irin wasan nan ba ne da yara ke sarrafa Messi da yatsa. A nan ba ka taɓa ƙwallo ko sau ɗaya. Kai koci ne: ka saya, ka sayar, ka tsara atisaye, ka yi ciniki da wakilai a kan albashi, ka fitar da sha ɗayan farko, sannan ka koma gefen fili ka zuba ido kamar kowane koci. Wasu 'yan'uwa biyu 'yan Ingila, Paul da Oliver Collyer, su suka fara rubuta shi a ɗakinsu, ya fito a 1992 da sunan Championship Manager. Da kamfaninsu, Sports Interactive, ya raba gari da kamfanin da ke fitar masa da wasan kasuwa, sai ya bar masa sunan, ya tafi da rumbun bayanan, ya dawo a 2004 da sunan da aka san shi da shi yau. Wanda ya tafi da rumbun shi ya tafi da dukiyar. Mutane sama da dubu ne a ƙasashe daban-daban, yawancinsu magoya baya da ke zuwa filin wasa, suke kallon 'yan wasa suna ba su maki. Ingancin aikin nasu ya kai har kulob ɗin Everton ya ƙulla yarjejeniya a 2008 don ya riƙa leƙa rumbun wajen neman 'yan wasa na gaske.

Kowane ɗan wasa a cikin wasan yana da jerin siffofi da aka auna daga 1 zuwa 20: gudu, miƙa ƙwallo, zura ta a raga, hangen fili, natsuwa, da sauransu. Waɗannan kowa na ganinsu. Amma a bayan labule akwai lambobi biyu da ba a nuna wa koci, kowace tsakanin 1 da 200. Ta farko ita ce matsayin ɗan wasan a yau. Ta biyu ita ce iyakar da zai iya kaiwa, rufin da ba zai taɓa fasawa ba ko da zai kwana a filin atisaye. Abin da koci ke samu kawai shi ne rahoton ma'aikatansa, wanda ke zuwa da taurari: yaro kaza tauraro biyu ne yau, yana iya zama biyar gobe. Akwai manhajojin da ke buɗe cikin wasan su nuna lambobin, amma tun ranar farko muka yi alkawari babu mai leƙawa. Lauyanmu ne ya rubuta dokar, da hukuncinta.

Ni aka ɗora wa rubuta sharhin ƙarshen kaka, wai don ba da maki sana'ata ce. A kakannin farko aikin bai ba ni wahala ba. Nakan ƙirga taurarin matasan kowane kulob in haɗa, wanda ya fi yawa shi ne ya fi kyakkyawar gobe. Da wannan ma'auni, sau huɗu a jere ina ɗora kulob ɗina a saman jeri, ban kuma ji kunya ba, domin lissafi ne ya nuna. Na baza masu farautar 'yan wasa a Kudancin Amurka da Gabashin Turai, duk yaron da aka ce tauraro biyar ne sai na kawo shi da zarar ya cika 18, shekarun da dokar FIFA ta yarda a tsallaka da yaro wata ƙasa. Akwai lokacin da na tara irinsu 14. Abokaina suka sa wa kulob ɗin suna gidan marayu.

A kaka ta shida, bayan na haura gasar Firimiya, yara biyu suka zo gabana a wata guda. Ɗaya ɗan wasan gaba ne daga Kolombiya, tauraro biyar cif, na biya fam miliyan 19 a kansa ban ko nemi ragi ba. Ɗayan ɗan tsakiya ne da ya taso a makarantar kulob ɗina, ba gudu, ba tsayi, mataimakina ya rubuta cewa da ƙyar zai wuce tauraro biyu da rabi. Mai kantin magani, wanda har lokacin yana fama a rukuni na biyu ba kuɗi, ya taya shi fam miliyan ɗaya da ɗoriya. Lauya ya kira ni a waya ya ce, "Dakta, ko kaso goma ne ka sa a yarjejeniyar, in an sake sayar da shi ka samu wani abu." Na ce masa kaso goma na babu ai babu ne. Na sallama.

Kaka huɗu bayan haka yaron nan ne kyaftin ɗin kulob ɗin mai kantin magani, shi ya hauro da su Firimiya, kuma shi na'ura ta zaɓa ɗan wasan tsakiya mafi fice a gasar. Ɗan Kolombiya kuwa yana kan aronsa na uku, yana ƙorafin a sayar da shi.

Na daɗe ina ɗora laifin a kan sa'a, kafin in zauna in bi diddigin abin. Kuskuren farko shi ne ban fahimci me tauraro ke nufi ba. Ba ma'auni ne tsayayye kamar kilo ba. Ana auna yaro ne da sauran 'yan wasan da ke kulob ɗinka, shi ya sa wanda ya zama tauraro biyu da rabi a gidana, inda tsakiyar fili ke cike da manya, ya tashi a huɗu ranar da ya sauka gidan mai kantin magani. Daɗin daɗawa, rahoton yana ɗauke da raunin mai rubuta shi. Shi ma mataimakin koci yana da makinsa na iya hango makomar yaro, nawa kuwa 9 yake da shi cikin 20. Na san da haka, na bar shi don albashinsa ba yawa. Wato shekara da shekaru ina karanta rahoto a kan yara, alhali rabin abin da ke cikinsa labarin idon mai kallon ne.

Kuskure na biyu ya fi muni, domin shi ba rashin sani ba ne, haɗama ce. Tsarin wasan ya ginu a kan cewa kafin yaro ya kai 18 atisaye ne ke ɗaga shi, daga nan kuma babu abin da ke ɗaga shi kamar buga wasa na gaske a matakin da ya dace da shi. Fili kuwa mutum sha ɗaya yake ɗauka. Ni da ke tsoron faɗawa ƙaramin rukuni, duk ranar wasa sai in sa manya, in ce yaran su jira mako mai zuwa. Mai kantin magani ba shi da wannan zaɓi. Talauci ya tilasta masa sa yaron a wasa arba'in a kaka, ya yi kurakurai, ya jawo musu asarar maki, aka sake sa shi a mako na gaba don babu wani. Ya kuma haɗa shi da wani tsohon mai tsaron baya ɗan shekara 34 da ƙafarsa ta riga ta mutu amma halinsa na nan, domin wasan ya tanadi cewa manya na shafa wa ƙanana ɗabi'a. Akwai siffofin hali da su ma a ɓoye suke, kamar riƙon sana'a da gaskiya da kuma buri, sai dai ka tsinto alamarsu a cikin kalma ɗaya ko biyu na rahoto. Rahoton yaron da na sayar ya ce mai riƙon sana'a ne. Na gani da idona, na wuce, ina neman taurari.

Tun daga nan sharhina ya sauya. Yanzu kafin in dubi tauraron yaro sai na duba minti nawa ya buga a kakar da ta wuce, da wanda ke gabansa a gurbinsa, da shekarar da kwantiragin wancan zai ƙare. Da wannan idon ne na fara ganin halin kowane abokina a cikin kulob ɗinsa. Ma'aikacin banki ya mai da nasa kasuwa, yana saye a 18 ya sayar a 22, ya fi kowa kuɗi a asusu, bai taɓa ɗaga kofi ba, kuma in ka yi masa magana sai ya turo maka hoton asusun. Likita ba ya yarda da yaro, sai wanda ya ga jiya ya ga yau. Ya tara 'yan shekara 29 zuwa 31, ya ci gasar sau biyu cikin kaka uku, sannan shida daga cikinsu suka tsufa a shekara guda, ga albashi mai nauyi, ga babu mai saye. Har yau bai farfaɗo ba, amma shi cewa yake kofi biyu na nan a kabad, mu je mu dafa taurarinmu mu ci. A gaskiya ban da amsar da zan ba shi.

Masu wannan wasa da suka daɗe suna da sunayen da ba sa mantawa, kuma su mutane ne na gaske. Cherno Samba, haifaffen Gambiya da ya taso a makarantar Millwall, a fitowar 2001 in ka saye shi ka gama da matsalar cin ƙwallo ta shekara goma. A zahiri bai taɓa buga wa babbar ƙungiyar Millwall wasa ba, ya zaga Sifaniya da ƙananan kulob, daga baya ya fito ya ba da labarin irin ƙuncin ran da ya shiga. Freddy Adu, haifaffen Ghana, ya fara buga wa DC United ta Amurka a 2004 yana ɗan shekara 14, aka cika duniya da cewa magajin Pele ya zo, ya ƙare da yawo a kulob fiye da goma. Namu Julius Aghahowa, wanda ya ci mana ƙwallo ɗaya tilo da muka samu a gasar cin kofin duniya ta 2002 a ragar Suwidin, a cikin wasan dodo ne da babu mai tare shi. Ya yi rawar gani a Shakhtar Donetsk, amma da ya je Wigan a 2007 ko ƙwallo ɗaya bai ci a gasar Firimiya ba. Har akwai wani Tó Madeira da aka yi ta rububin saye, ashe babu shi, wani mai tattara bayanai a Fotugal ne ya ƙirƙiro shi ya cusa a rumbun.

Ba sai mun je nesa ba. Najeriya ta ci kofin duniya na 'yan ƙasa da shekara 17 sau biyar: 1985, 1993, 2007, 2013 da 2015. Da Juma'ar da za ta yi kyau kullum daga Laraba ake gane ta, da yanzu mun gaji da ɗaga babban kofin. (Batun shekarun haihuwa, wanda ya sa FIFA ta fara ɗaukar hoton ƙashin wuyan hannu a gasar 2009, wannan wani zance ne na wata rana. A kwamfuta dai yaro ba ya rage shekara.) A gasar 2015 da aka yi a Chile, Kelechi Nwakali ne aka zaɓa gwarzon gasar, Victor Osimhen kuma ya ci ƙwallo 10. Nwakali ya tafi Arsenal, ya yi ta zaman aro, ya bar kulob ɗin bai buga masa wasan gasa ko ɗaya ba. Osimhen ya tafi Wolfsburg ta Jamus, ya fita bai ci ko ƙwallo ɗaya ba. Da a ƙarshen kakar 2018 aka ba ni in rubuta sharhi a kansa da ma'aunina na da, na san abin da zan rubuta. Sai wani matsakaicin kulob a Beljiyam, Charleroi, ya karɓe shi aro ya riƙa sa shi duk mako. Daga nan sai Lille, sai Napoli, inda ya ci ƙwallo 26 a kakar da suka ɗauki kofin gasar lig ta Italiya a 2023, karo na farko tun 1990, ya kuma zama gwarzon ɗan wasan Afirka na wannan shekara.

A kakar bara, da yaran nan nawa biyu suka haura shekara 26, muka amince a ɗage doka sau ɗaya a buɗe lambobinsu, don a raba gardama. Ƙanin abokinmu ya buɗe ya karanto. Ɗan Kolombiya rufinsa 178 ne, ya tsaya a 139. Wanda na sayar rufinsa 156, ya kai 156. Aka fashe da dariya. Likita ya ce, "To Dakta, ashe idon ma'aikatanka bai yi ƙarya ba, naka ya fi baiwa." Haka ne. Ta wata fuskar ma lambobin sun wanke ni. Amma daren nan ban yi barcin kirki ba, kuma ba ƙwallo nake tunani ba.

Duk shekara ana raba mana ɗaliban ajin ƙarshe don duba kundin bincikensu. Wani lokaci sukan kai talatin a hannun mutum ɗaya, ga koyarwa, ga taruka, ga jarrabawa. Ba yadda za a yi kowa ya sami rabo daidai, don haka kowane malami yana da taurarinsa a zuci, ko ya faɗa ko bai faɗa ba. Ni nakan gane nawa tun makon farko: biyu ko uku masu kaifin baki da tsaftataccen Turanci, su nake ba sa'o'ina, sauran in tura su ɗakin karatu, wato aro. Shekarun baya an ba ni wani yaro mai sanyin magana, kullum a makare, rubutunsa sai ka yi haƙuri. Babi na ɗaya ya dawo masa da jan biro ya fi baƙi yawa. Ban taɓa ba shi fiye da minti goma ba. Da aka zo zancen waɗanda za a ƙarfafa wa gwiwa su dawo digiri na biyu, wata abokiyar aikina ta ambaci sunansa, na ce da ita, "Malama, wannan ya samu ya fita lafiya ma ya gode Allah." Ta ce, "Dakta, ka lura duk gyaran da aka yi masa sau ɗaya ba ya sake maimaita kuskuren?" Na lura. Yana cikin rahoton, na wuce. Ban kuma taɓa tambayar dalilin makararsa ba, sai daga baya na ji ashe gadi yake yi da dare. Ita ta ɗauke shi. Yanzu yana gab da kammala digiri na uku, kuma watannin baya na karanta wata maƙalarsa da na so a ce ni na rubuta. Duk inda ya gan ni sai ya rusuna ya ce, "Malam, ai ku kuka fara ɗora mu a hanya." Ban san ko ya san abin da na faɗa ba.

Abin da ya hana ni barci shi ne bambancin da ke tsakanin yaron kwamfuta da wannan. A cikin wasan, rufin gaskiya ne, an rubuta shi tun ranar da aka ƙirƙiri yaron, iyakar kuskuren koci shi ne ya karanta ba daidai ba. A ofishina kuwa babu wanda ya taɓa nuna mini lambar kowa, amma na yi magana kamar na leƙa na gani. Ko masu wasan ma, idan ya zo ga mutane na gaske, bin baya suke yi. Jamie Vardy, wanda Sheffield Wednesday ta sallama yana ɗan shekara 16, yana ƙananan kulob da ba a ko nuna su a talabijin har ya kai 25, kafin Leicester ta saye shi fam miliyan ɗaya a 2012, ya ci musu Firimiya a 2016. Lambar da aka ba shi yana 22 ba za ta taɓa barin haka ta faru a kwamfuta ba. Abin da masu rumbun ke yi shi ne, in mutum ya fasa rufin da suka yi masa, sai su ɗaga rufin a fitowar shekara mai zuwa. Mu ma haka muke yi a jami'a: in wanda muka raina ya yi fice, sai mu ce dama mun ga alama.

Ba ina cewa a daina auna mutane ba. Wanda ya ce duk ɗalibai ɗaya ne bai taɓa duba takardun jarrabawa ɗari uku a mako guda ba, kuma sa'o'in malami, kamar gurbin fili, ƙidayayyu ne. Wanda ka ba, wani ka hana. Har yanzu ina zaɓe, har yanzu ina kuskure. Abin da ya sauya kaɗan ne: na daina yanke hukunci a babi na ɗaya, sai na ga abin da ɗalibi ya yi da gyaran da aka yi masa, kuma duk wanda na ji raina ya ce ba zai yi nisa ba, nakan tura aikinsa ga wani malamin ya duba, don na san makin idona bai kai 20 ba. Ko hakan ya isa, ban da tabbas. A zangon da ya wuce ma na kama kaina na ba wata ɗaliba mai iya magana sa'a biyu, na sallami na bayanta a tsaye a bakin ƙofa.

Sharhin kaka ta 15 ranar Juma'a ake jiransa. Na sa kulob ɗina na biyar cikin takwas, na farko kuwa na mai kantin magani ne, karo na uku a jere. A cikin sababbin yaran da makarantar kulob ɗina ta yaye bana akwai wani mai tsaron baya na hagu, ɗan shekara 16, tauraro biyu, ba shi da gudu. Shekaranjiya da daddare saƙo ya shigo wayata: "Dakta, yaron nan na hagu da ba ka amfani da shi, nawa za ka sallama?" Na karanta, na kife wayar, na jawo kundin da ke saman tebur.